Ninka matiriks a harshen asambili: yadda 46 ya koma 4

*"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, an ba mu aikin rubuta furogiram da zai ninka matiriks (jadawalin lambobi) biyu a harshen asambili, wato harshen da ke ba furosesa umarni kai tsaye, na furosesar MIPS, muna gwadawa a MARS, furogiram mai kwaikwayon wannan furosesa. Idan na ba shi 2×2 ko 3×3, amsa tana fitowa daidai. Da na ba shi A mai layi biyu (2, 1, 4 sai 3, 5, 7) da B mai layi uku (1, 6 sai 8, 2 sai 9, 3), gurbin farko sai ya ba ni 4, alhali a takarda 46 nake samu. Na biyu, na rubuta irinsa a C, da na kai girman 1024×1024 sai ya koma tafiyar hawainiya, har ya fi 1000×1000 jan ƙafa nesa ba kusa ba. Ina matsalar take? Kuma in na rubuta da hannu a asambili zai fi na C gudu?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka kawo lambobin da kansu, domin 4 ɗin nan da ta ba ka haushi ita ce ta tona asirin matsalar. A fili tambayoyinka uku ne: me ya ɓata amsar, me ya jawo jan ƙafa, kuma ko asambili zai fi C. Amma biyun farko saiwarsu ɗaya, ta ukun ma daga nan za ta samu amsa. Kai kana ganin jadawali mai layukan kwance da na tsaye, ita kuwa kwamfuta ba ta taɓa ganin jadawali ba. Abin da ke gabanta dogon layi ne guda na bayit, kowanne da adireshinsa. Idan ka yi kuskuren taki a kan wannan layin, amsa ta ɓaci. Idan takin daidai ne amma ya yi faɗi da yawa, amsa za ta fito, sai dai ka sha jira.

Faɗi uku, ba ɗaya ba

Mu fara da ƙa'idar lissafin, ko da yake ka san ta. Idan A tana da layin kwance m da layin tsaye n, dole B ta zama mai layin kwance n, sannan layin tsayenta ko nawa ne, mu kira shi p. Sakamakon, C, zai zama m×p. Kowane gurbi na C ana samunsa ne ta ɗaukar layin kwance na A da layin tsaye na B, a ninka su ɗaya bayan ɗaya, a tara. A misalinka 2×1 da 1×8 da 4×9, wato 2 da 8 da 36, jimla 46. Sauran gurabun uku su ne 26, 106 da 49. Rubuta su a gefe, za ka buƙace su wajen gwaji.

To a memori, B ɗinka ba layi uku ba ce. A jere take kamar haka: 1, 6, 8, 2, 9, 3. Layin farko ya ƙare, na biyu ya ɗora a kansa ba tare da wata alama ba. Haka harshen C yake jera ta, haka kuma kai ma ka jera ta da `.word`. Fortran kuwa da layin tsaye yake farawa, abin da ke rikita mutane idan sun haɗa harsunan biyu, amma wannan ba damuwarka ba ce yau. Don ka sami gurbin da ke layin kwance na i, layin tsaye na j, sai ka ninka i da faɗin matiriks ɗin, ka ƙara j, ka ninka abin da ya fito da girman lamba ɗaya a bayit, sannan ka ɗora kan adireshin farko. A MIPS lamba ɗaya bayit 4 ce, don haka `sll` da 2, wato matsar da bit hagu sau biyu, ya wadatar maimakon ninkawa da 4.

Kalmar da za ka riƙe ita ce "faɗin matiriks ɗin". Wanne? Faɗin A shi ne n, na B shi ne p, na C ma p. A matiriks murabba'i duk ukun lamba ɗaya ce, shi ya sa mai amfani da faɗi guda ga kowa yake samun amsa daidai. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ban ga abin da ka rubuta ba, amma mu bi sawun 4 ɗin. A ce faɗin A, wato 3, ka yi amfani da shi wajen tafiya cikin B. Taki na farko ya sauka a gurbi na 0, ya ɗauko 1, daidai ne: 2×1 ya ba da 2. Taki na biyu ya kamata ya sauka a gurbi na 2 ya ɗauko 8, sai ya zarce zuwa gurbi na 3 ya ɗauko 2: 1×2 ya ba da 2. Taki na uku ya kamata ya sauka a gurbi na 4 ya ɗauko 9, sai ya faɗa gurbi na 6, wanda ba ya cikin B kwata-kwata, tunda gurabunta shida ne, daga 0 zuwa 5. Me ke zaune a nan? Idan ka keɓe wa C wuri da `.space` dab da ƙarshen B, kamar yadda yawancin ɗalibai ke yi, gurbin farko na C ne, kuma a lokacin sifili ne a ciki. 4×0 sifili. Tara: 2 da 2 da 0, ga 4 ɗinka. Zan yi mamaki in ba wannan ba ne. Ka lura kuma injin bai ce maka uffan ba da ka fita daga iyakar B. A wannan mataki babu mai tsaron iyaka, duk adireshin da ka nuna, abin da ke wurin za a miƙo maka.

Zagayen ciki

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne ka ajiye m, n da p a rijista uku dabam (ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin furosesa kanta), ka duba kowane wurin da ka lissafa adireshi. Amma ni shawarata ka daina lissafa adireshi daga tushe a cikin zagayen ciki gaba ɗaya. Riƙe manuni biyu, wato rijista biyu masu riƙe adireshi. Na A ya fara daga farkon layi na i, yana matsawa bayit 4 kowane zagaye. Na B ya fara daga gurbi na j a layin farko, yana tsallake p×4. Wannan p×4 ka lissafa shi sau ɗaya a waje, ka ajiye. Ga yadda zuciyar aikin za ta kasance, `$t3` manunin A, `$t4` na B, `$t2` kuma yana ƙirga zagaye daga n zuwa sifili:

```
ciki:
    lw    $t5, 0($t3)      # daga A
    lw    $t6, 0($t4)      # daga B
    mul   $t7, $t5, $t6
    addu  $t8, $t8, $t7    # jimla
    addiu $t3, $t3, 4
    addu  $t4, $t4, $s6    # $s6 = p x 4
    addiu $t2, $t2, -1
    bne   $t2, $zero, ciki
```

Umarni takwas ke nan, ninkawa ɗaya tak a ciki, kuma ita ce ninkawar da ake nema. Wurin yin kuskuren faɗi ya ragu zuwa layi guda. Shi manunin C ma ba ya buƙatar lissafi: bayan kowace jimla ka ajiye da `sw`, ka matsa bayit 4, tunda a jere ake cika shi.

Akwai ƙananan ramuka da ke jiran mai wucewa ta nan. Na farko, `$t8` dole ya koma sifili kafin kowane sabon gurbi, ba sau ɗaya a farkon furogiram ba. Alamar wannan mantuwa a bayyane take: gurbin farko daidai, na biyu ya zama 72 maimakon 26, domin 46 ta biyo shi. Na biyu, manunin A dole ya koma farkon layinsa duk lokacin da j ya ƙaru. Na uku, idan ka kira wani aiki da `jal` a tsakiyar zagaye, misali don buga amsa, al'adar MIPS ta ba wanda aka kira damar ɓata rijistocin `$t` yadda ya ga dama, na `$s` ne kawai zai mayar maka yadda ya same su. Ni kaina na taɓa kwana a kan irin wannan a x86-64, ta ɗaya ɓangaren: na yi amfani da `rbx` a cikin aikina ban mayar da shi ba. Matiriks ta fito tsaf, amma furogiram ɗin C da ya kira aikin sai ya faɗi can gaba, a wurin da ba shi da alaƙa da ninkawa. Sai wajen asuba na gane a gdb, kayan aikin bin sawun kuskure a furogiram, cewa ɗan hakin da na raina ne.

Sai batun ambaliya. Lamba mai bit 32 mai alama iyakarta 2,147,483,647. Ninka 50,000 da 50,000 kawai ya wuce wannan. `mul` yana ba ka ƙananan bit 32 ne a rijistar da ka nuna, `addu` kuma ba ya ƙorafi idan jimla ta cika ta zube, `add` ne ke tsayar da aiki. Idan lambobinka manya ne, `mult` yana ajiye sakamako mai bit 64 a HI da LO, ka ɗauko su da `mfhi` da `mflo`. Ga aikin aji da wuya a buƙaci haka, amma in ka ga amsa ta fito da alamar ragi alhali babu mai alamar ragi a lambobinka, ka san inda za ka duba.

Wajen gwaji kuma, daina amincewa da murabba'i. Gwada 2×3 da 3×2 ɗin nan naka, sannan 1×4 da 4×1, sannan 4×1 da 1×4, sannan wanda m, n da p duk suka bambanta, kamar 2×3 da 3×4. Kada ka cika gurabu da 1 ko da lambobi masu maimaituwa, domin suna rufa wa kuskuren adireshi asiri.

Me ya sa 1024 ya fi 1000 wahala

Yawan ninkawa a 1000×1000 biliyan ɗaya ne cif. A 1024×1024 kuwa 1,073,741,824 ne, ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. Don haka idan lokacin ya ƙaru fiye da haka sosai, ba lissafi ne ya yi yawa ba, jiran memori ne.

Furosesa ta fi babbar memori sauri ƙwarai. Ɗauko lamba daga can yana iya cin lokacin da za ta yi umarni ɗaruruwa. Shi ya sa aka sa mata ma'ajiyar kusa, wato kesh, hawa-hawa: L1 ƙarama mai tsananin sauri, L2 ta fi ta girma, L3 ta fi duka. Kuma ba a ɗauko lamba ɗaya ita kaɗai. A yawancin furosesocin Intel da AMD, duk abin da ka nema, tare da maƙwabtansa ake kawo shi, guntu mai bayit 64. Idan `double` kake amfani da su, wato lambobi masu ɗigo na C masu bayit 8, lamba takwas ke nan a tafiya ɗaya.

Yanzu dubi zagayenka. A cikin A kana tafiya a jere: ka biya kuɗin tafiya ɗaya, ka ci lamba takwas. A cikin B kuwa saukowa kake yi ta layin tsaye, kowane taki bayit 8,192 a girman 1024. An kawo maka takwas, ka ɗauki ɗaya, ka tsallake. Sauran bakwai ɗin za ka neme su ne sai j ya ƙaru, bayan ka taɓa guntaye 1,024 dabam. Ko guntaye 1,000 ma, bayit 64,000 ke nan, sun fi ƙarfin L1 mai kilobayit 32. Wannan ciwon ya shafi 1000 da 1024 duka.

Abin da ya keɓanci 1024 shi ne yadda ake raba wuri a kesh. Ɗauki L1 mai kilobayit 32 da aka saba gani: guntaye 512 take ɗauka, an kasa su rukuni 64, kowane rukuni kujera takwas. Adireshi ne ke yanke rukunin da guntu zai zauna, kuma duk adireshi biyu da tazararsu ta kasance ninkin 4,096 rukuni ɗaya suke faɗawa. Takinka 8,192 ne, wato 4,096 sau biyu. Ke nan duk layin tsayen B, guntaye 1,024, suna kokawa a kan kujera takwas, sauran 504 ɗin ba su amfane su da komai ba. Irin wannan cunkoso yana bin ka har L2. Shi kuwa 1000, takinsa 8,000 ne, yana bazuwa cikin rukunai, don haka L2 tana iya riƙe masa abin da L1 ta kasa. Waɗannan lambobi na irin furosesar da na fi aiki da ita ne. Wasu sababbin na Intel L1 ɗinsu kilobayit 48 ce, na Apple kuma guntunsu bayit 128 ne. Duba naka da `lscpu` idan Linux kake, amma labarin ɗaya ne.

Kana iya tabbatar da wannan cikin minti biyar. Bar matiriks a 1024×1024, amma ka keɓe wa kowane layi gurbi 1,032, takwas na ƙarshe su zauna haka nan ba amfani. Ka sake aunawa. Ka ga a nan ma faɗin ajiya ya rabu da faɗin lissafi, kuma shi ya sa `dgemm`, aikin ninka matiriks na BLAS (tarin ayyukan lissafin matiriks da aka riga aka shirya), yake karɓar faɗin ajiya, wato `lda`, `ldb` da `ldc`, dabam da girman matiriks ɗin.

Amma maganin da ya fi wannan shi ne ka daina saukowa ta tsaye. Sauya jerin zagayen daga i, j, k zuwa i, k, j:

```
for (i = 0; i < m; i++)
  for (k = 0; k < n; k++) {
    double r = A[i*n + k];
    for (j = 0; j < p; j++)
      C[i*p + j] += r * B[k*p + j];
  }
```

Ninkawa ɗaya ba ta ragu ba. Abin da ya canza shi ne yanzu B da C duka a jere ake bin su, kuma a duk injin da na gwada wannan a manyan matiriks, bambancin ninki-ninki ne, ba sai ka sa agogo ba za ka gani. Sharaɗi guda: C ta fara da sifili, ta `calloc` ko `memset`, tunda yanzu tarawa ake yi a cikinta kai tsaye. Wata hanyar ita ce ka juya B tun farko, layukan tsaye su koma kwance. Juyawar aikin n×n ce kawai, ba ta kai komai ba a gaban n×n×n.

Mataki na gaba shi ne yanka aikin gida-gida. Maimakon ka ratsa layi mai tsawon 1,024, ka ɗauki ƙaramin murabba'i daga kowace matiriks, ka gama duk ninkawar da ke tsakaninsu kafin ka saki. Murabba'i 32×32 na `double` bayit 8,192 ne, uku sun zama kilobayit 24, sun shiga L1 mai 32. Masu yin abin da gaske ba sa tsayawa nan, sukan kwafe kowane gida zuwa wani wuri a jere kafin su fara, don cunkoson rukunin nan kada ya biyo su. Wannan salon kwafewa shi ne ƙashin bayan GotoBLAS na Kazushige Goto, wanda OpenBLAS ta gada.

Af, kada ka auna gudu a MARS. Kwaikwayon furosesa yake yi, lokacinsa ba na injin gaske ba ne. Sai dai yana da kayan aiki mai kwaikwayon kesh a jerin Tools, wanda zai nuna maka sau nawa aka sami abin da ake nema a kusa. Gudanar da i, j, k da i, k, j a ciki, a matiriks kamar 16×16, ka kwatanta. Ya fi duk bayanin da na yi shiga kai.

To, asambili zai fi C?

Idan nufinka ka fassara zagaye ukun nan layi-layi zuwa asambili, a'a. Za ka ɗauko matsalar kesh ɗin yadda take, ka kai ta wani harshe. Bugu da ƙari, gcc ko clang, wato kwamfailolin da ke fassara C zuwa umarnin inji, da `-O3` da `-march=native` za su ɗauki zagayen i, k, j su mayar da shi umarnin da ke aiki kan lambobi da yawa lokaci guda. Rijistar AVX mai bit 256 tana ɗaukar `double` huɗu, kuma tun Haswell na 2013 furosesocin Intel na wannan aji suna da umarnin FMA mai ninkawa da tarawa a bugu ɗaya. Ka taimaki kwamfaila da kalmar `restrict`, wadda ta shigo a C99, don ta san A, B da C ba su hau kan juna ba. Akwai wani abin sha'awa a nan. A jerin i, j, k kwamfaila ba za ta rarraba tarawar `double` da kanta ba, domin sauya jerin tarawa yana iya sauya ƙananan lambobin ƙarshe na amsa, kuma ba a ba ta wannan izini ba sai da irin su `-ffast-math`. A i, k, j kuwa kowane gurbi tarawarsa dabam, hannunta a sake yake. Wannan dalilin ne ma ya sa idan kana kwatanta amsar hanyoyi biyu a `double`, kada ka ce sai sun yi daidai cif, ka ba da ɗan rangwame ƙanƙani.

Inda hannu yake fin kwamfaila wuri ne ƙarami: ɗan zagayen can ciki da ke riƙe wani yanki na C a rijistoci, misali 4×12 na `double`, wanda ke cin rijista 12 cikin 16 na AVX, ragowar huɗun suna jigilar A da B. OpenBLAS da BLIS suna da irin wannan da aka rubuta da hannu, kowane irin furosesa da nasa. Na taɓa rubuta nawa don koyo. Ya tsere wa C ɗina na farko da nisa, amma bai kamo OpenBLAS ba, kuma da na kai shi wani inji sai da na sake zama a kansa. A wurin aiki `dgemm` nake kira. Abin da na faɗa duka kan furosesa mai zare ɗaya ne, wato jerin umarni guda ke gudana. Raba aiki ga zare da yawa, ko kai shi katin zane (GPU), magana ce dabam mai nata dokokin.

Wataƙila wani zai ce maka ai akwai hanyar Volker Strassen ta 1969, wadda ke ninka 2×2 da ninkawa bakwai maimakon takwas, ta sauko da girman aikin daga n mai ƙarfin 3 zuwa kusan 2.81. Gaskiya ne. Amma tana biyan wannan da tarawa da ragewa 18, da ƙarin memori, da ɗan raunin daidaito a lambobi masu ɗigo, kuma ribarta sai matiriks ta yi girma sosai take bayyana. Ba ita ce za ta warkar da 1024 ɗinka ba.

Idan za ka auna, ka tabbata furogiram ɗin yana amfani da C bayan an gama, ko da tara gurabunta ne ka buga jimlar. In ba haka ba kwamfaila tana iya ganin ba mai buƙatar amsar ta share zagayen baki ɗaya, ka ga sifilin daƙiƙa ka ɗauka ka yi abin kirki. Ka maimaita awo sau uku ko biyar, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Na MIPS kuwa, gyara takin B ya zama p×4, ka sa wurin tsayawa a kan `mul`, ka bi zagaye ukun farko da ido: `$t6` ya kamata ya nuna 1, sannan 8, sannan 9. Idan ya nuna haka kuma 46 ba ta fito ba, turo min zagayen tsakiya mu duba tare.